Kwana Biyu a Hanyar Daura: Tafiyar da Ba Biki Ba Suna

Uwargida, ɗan tsaya ki ƙirga tafiye-tafiyen da kika yi daga Babbar Sallar bara zuwa yau. Bikin ƙanwar maigida, sunan 'yar yayarki, ta'aziyyar kawu, dubiyar goggo, kai amarya. Duk zumunci ne, Allah Ya ba da lada. To amma a cikinsu wacce ce kika dawo jikinki ya fi yadda kika tafi daɗi? A gidan biki ke ce a bakin murhu, ke ce rabon abinci, ke ce neman takalmin yaro a cikin taro. Ki kwana ku goma a ɗaki ɗaya, ki dawo da ciwon baya da wanki cike da buhu, sannan maƙwabciya ta leƙo ta ce miki sannu da hutawa.

Akwai wata irin tafiya da mu mata ba mu cika yi ba. Ƙawaye huɗu ko biyar su haɗa kuɗin mota, su tashi ranar Juma'a su dawo Lahadi, su je garin da babu wanda ke jiransu da tsintsiya ko muciya. Maza sun daɗe suna yin irinta, sai dai su sukan ce za su je duba gona.

Ba sai an yi fasfo ba, ba kuma sai an nufi Yankari ba. Ga wadda ke Kano, hanyar da na fi so in nuna miki ita ce ta Daura. Titi ɗaya ne, daga wajen Dawanau har Kwangwalam a bakin iyakar Nijar bai fi kimanin kilomita 130 ba, amma yana ratsa jihohi uku, kuma garuruwa uku ne jere a kansa: Ɗambatta a Kano, Kazaure a Jigawa, Daura a Katsina. Ɗaya tana da kasuwa, ɗaya tana da ruwa da duwatsu, ɗaya tana da tarihi. Idan ba a Kano kike ba, ki karanta ki ɗauki tsarin, domin babu babban birni a ƙasar Hausa da ba shi da irin wannan hanyar a bayansa.

Na san abin da ke ranki tun kafin mu hau titi. Maigida.

Wannan magana ba a yinta a tsaye, yana neman makullin mota zai fita. Ba a kuma yinta ranar da aka kawo takardar kuɗin makaranta. Ki bari sai ya ci ya sha, ki zo masa da magana kammalalliya: ga waɗanda za ku tafi tare, ga wanda zai ja mota, ga gidan da za ku sauka, ga wanda zai riƙe yara, ga lokacin dawowa. Yawancin "a'a" da maza ke cewa ba ƙin hutunki ba ne, tsoron abin da ba su sani ba ne, da tunanin abin da mutane za su ce. Idan ya san mazan ƙawayen naki, har ya ji ɗaya daga cikinsu ya riga ya amince, rabin aikin ya ƙare.

Batun muharrami kuwa kada ki tsaya jayayya a kansa. Ku ɗauki ƙanen wata a cikinku, ko ɗanta da ya girma, kowacce kuma ta tambayi malamin da ta yarda da shi abin da ya shafi halinta. Ko ba don komai ba, kuna buƙatar namiji da zai tsaya a shingen jami'an tsaro, ya nemo bakanike in taya ta yi faci, ya shiga cikin kara ranar kasuwa. Idan gidan naku da abokiyar zama, ki zaɓi makon da ba ke ce da girki ba, kuma ki faɗa mata da bakinki kafin ta ji a bakin yara.

In kuma ya ce a'a, to a'a ɗin ce. Kada hutu ya zama sanadin yaji. Ki rage buƙatar: wuni ɗaya, ranar Lahadi, zuwa kasuwar Ɗambatta sayen hatsi da ƙawaye, ku dawo kafin magariba. Idan ya ga gero da man shanu sun shigo gida da sauƙin kuɗi, kuma kin dawo da fara'a, karo na biyu maganar ba za ta yi tsawo ba.

Zaɓen abokan tafiya ya fi zaɓen gari wuya. Ba kowace ƙawa ce ta kwana biyu ba. Akwai wadda kuke shiri a gidan suna, amma in kuka kwana ɗaki ɗaya sai kin gwammace wanki. Ki nemi waɗanda za ki iya yin shiru a gabansu ba tare da an ce kina fushi ba. Mutum huɗu ko biyar sun isa, su cika mota ɗaya. Da zarar kun kai mota biyu, kun koma 'yan kai amarya, za a yi ta jiran juna a kowane gidan mai.

Kuɗi kuma a gama maganarsa tun a gida. Wata biyu ko uku kafin tafiyar ku buɗe ɗan asusu, kowacce ta riƙa zuba abin da aka yanke, mace ɗaya ta riƙe ta kuma riƙa rubutawa. Daga nan za a biya mai, da masauki, da abinci, da ɗan abin da za a ba mai gadi da direba. Kuɗin tsaraba kowacce da nata. A kowace ƙungiyar ƙawaye akwai wadda hannunta bai kai na saura ba, kuma ita ce ba za ta taɓa faɗa ba. Ku yanke adadin daidai ƙarfinta, wadda Allah Ya hore wa ta ƙara a ɓoye ta hannun mai riƙon asusun. Sannan don Allah kada a fitar da anko. Ranar da aka ce a yi anko, ranar tafiyar ta tashi daga hutu ta koma gasa.

Yara fa? Na goye kaɗai ke bin uwarsa. Sauran suna da Islamiyya Asabar da Lahadi, suna da kaka, suna da uba. Ki yi miya kala biyu ranar Alhamis, ki sa a wanke kayan makaranta tun Juma'a da rana, ki rubuta wa mai riƙonsu lokacin maganin wanda ke shan magani. Kwana biyu ba za su rame ba. Wataƙila ma uban ya gano inda ake ajiye gishiri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka zuwa farkon sanyi, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ruwa ya ɗauke, zafin bazara bai zo ba, hazo bai yi kauri ba, kuma kasuwanni cike suke da sabon amfani. Ku bar Kano bayan an sauko daga Juma'a, kada ku wuce ƙarfe uku. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci a wannan tafiya: ba a tafiyar dare. Kwana ɗaya kafin ku tashi, a kira wani mazaunin can ko direban da ke bin hanyar kullum a ji lafiyarta, domin an daɗe ana aikin faɗaɗa ta, kuma labarin hanya na jiya ya fi na watan jiya amfani.

Da kun wuce hayaniyar manyan motocin Dawanau, ki sauke gilashi. Iskar ma daban ce. Za ki ga an kwantar da karan gero, dammuna jingine a gona, amalanken shanu na tafe a gefen titi da yaro zaune a kan kaya yana gyangyaɗi. Ki lura da gawo. Shi ne itacen da ke yin abinsa saɓanin kowa: da damina, lokacin da duk daji ya yi kore, shi a tuɓe yake, sai rani ya shigo sannan ya fitar da ganye. Shi ya sa manoma ba sa sare shi, ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. Yaran birni da yawa sun san sunansa a karin magana amma ba su taɓa nuna shi da yatsa ba, kuma in za mu faɗi gaskiya, iyayensu mata ma haka.

Kafin Ɗambatta akwai dam ɗin Tomas, ɗaya daga cikin madatsun ruwan da aka yi a tsohuwar Jihar Kano, inda ake noman rani, a nan ne kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako take. Ɗambatta kanta yau ku wuce ta kawai, ranarta Lahadi. A wasu wuraren za ki hango aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda aka tsara zai bi ta waɗannan garuruwa uku.

Kusa da Kazaure ƙasar takan sauya. Shimfiɗaɗɗen filin da kuka baro sai ya fara tudu da gangare, duwatsu su fito ta nan su fito ta can har su yi wa garin ƙawanya. Mutanen garin suna da labari a kan haka. Sun ce mafarautan da suka fara isowa wurin ne, da suka ga yadda duwatsun suka kewaye shi, sai ɗayansu ya ce wannan wuri kamar zaure, daga nan sunan ya samo asali. Ko haka aka yi ko ba haka ba, in kika tsaya da yamma kika dubi tuddan za ki ga inda mai maganar ya dosa.

Masarautar kuwa tarihinta a rubuce yake. Ɗan Tunku ne ya kafa ta wajen 1819, bayan ya taso daga Ɗambatta, kuma an yanko ƙasarta ne daga Kano da Katsina da Daura. Kin ga ashe hanyar da kuka biyo da mota ita ce kusan wadda ya biyo da doki. Da can Kazaure a Jihar Kano take, sai a 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa ta koma can. Gari ne na 'yan makaranta, saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, don haka baƙuwar fuska ba abin kallo ba ce, kuma ba za ku rasa inda za ku sayi burodi da ruwan roba ba.

A Kazaure nake ba da shawarar ku kwana, duka dare biyun. Tana tsakiya, Daura ba ta kai awa ɗaya daga nan ba, kuma babu abin da ke cinye hutu kamar ɗaure kaya da kwance kaya.

Inda za a sauka shi ne wurin da tafiyar ke gyaruwa ko ta lalace. Abu na farko da zai zo wa ɗayarku a rai shi ne gidan 'yan uwa. Ki yi tunani sau biyu. Da kun sauka a gidan goggon wata, kun zama baƙi, an shiga yanka kaza, ku kuma kunya ba za ta bar ku ku zauna ana aiki ba. Kafin ki ankara kina tankaɗe. Da safe a ce sai kun je gaida wane da wance, ga wata rasuwa da aka yi watan jiya ba a yi musu gaisuwa ba. Lahadi na zuwa kun zaga gida goma sha biyu ba ku ga komai ba sai zaure da tsakar gida. Masaukin baƙi na kuɗi ya fi wannan, matuƙar an aika wani ya gan shi da idonsa, ya duba ruwa da wuta da makulli, ya kuma tambayi irin mutanen da ke sauka a wurin. Amma abin da ya fi duka shi ne gidan da ba kowa. 'Yan asalin waɗannan garuruwa da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja da yawansu sun yi gini a gida, sun rufe, ba sa buɗewa sai da Sallah. A cikin mata biyar da wuya a rasa wadda ta san mai irin wannan gidan. Ku roƙi makulli, ku zo da zannuwan gadonku da gidan sauro, ku sayi man janareta, ku bar wurin fes fiye da yadda kuka same shi. Gaisuwar dangi kuma a ware mata awa ɗaya tak, ranar tafiya, lokacin da mota ke jira a waje.

Daren Juma'a kada a ɗora tukunya. Kowacce ta zo da abu ɗaya daga gida, wannan dambun nama, waccan soyayyar kaza, wata cincin da zoɓo. A aiki direba ya samo balangu mai zafi. Ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i. Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne sama, don a Kano kin manta taurari suna da yawa haka. Na biyu shi ne hannunki, da zai riƙa neman abin yi yana rasawa. Za ki ji kamar an kira "Mama" alhali ba wanda ya kira.

A wannan daren ne hira ke fitowa, irin wadda ba ta samuwa a gidan biki saboda kunnuwa sun yi yawa. Wadda ke fama da ɗan da ya ƙi karatu, wadda likita ya gaya wa wata magana ba ta faɗa wa kowa ba, wadda bashi ya hana barci, wadda aka ce za a yi wa kishiya bayan Sallah. Ku bar kowacce ta sauke nata. Ba lallai sai an ba ta shawara ba, sau da yawa ta san abin da za ta yi, wurin faɗa ne ba ta da shi. Sai dai ku yi alkawari tun kafin a fara, abin da aka faɗa a Kazaure a Kazaure zai kwana. Kuma zancen maza da kishiyoyi a ba shi daren nan kaɗai. In aka bar shi, shi zai cinye Asabar da Lahadi, ku koma gida da zuciya ta fi ta da zafi.

Asabar bayan sallar asuba ki koma ki kwanta. Na sake faɗa, ki koma ki kwanta. Ba abin karin kumallon kowa a wuyanki. Idan rana ta ɗan ɗaga ku taka zuwa bakin dam ɗin garin, ku zauna ku kalli masunta da balbelu. In an dace za ku samu ɗanyen kifi, karfasa ko tarwaɗa, ku ba da a soya muku. Kwale-kwale dai ku kalle shi daga tudu. Wanda ya tuna abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya, ba zai shiga jirgin da ba rigar ruwa don neman hoto ba.

Da hantsi sai Daura. Ku nufi cikin gari kai tsaye, ku tambayi rijiyar Kusugu, ko yaro ƙarami zai nuna muku. Ba ta da nisa da fadar sarki. Yanzu an yi mata gini an rufe ta, akwai masu kula da ita, kuma za su ba ku labari su bar ku ku ja ruwa da guga. Mutanen gari sukan ce ba a taɓa ganin ta ƙafe ba. Kada ki sa ran ganin wani abu mai girma. Rijiya ce, mai baki kamar na kowace rijiya, kuma wasu kan fito suna cewa ashe iyakarta ke nan.

Labarin kin san shi tun firamare. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke rijiyar, wanda ake kira Sarki, ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, daga nan aka samu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Masana tarihi suna ɗaukarsa a matsayin labarin kaka da kakanni, ba abin da aka tabbatar da ranarsa da shekararsa ba.

A makaranta an koya mana shi a matsayin labarin jarumi. Amma ki tsaya a bakin rijiyar a matsayinki na uwa ki sake jin sa. Gari guda, ruwa sau ɗaya a mako. Wa ke lissafin randa daga Juma'a zuwa Juma'a? Wa ke yanke shawarar ko a yi wa yaro wanka ko a dafa tuwo? Wa ke jin kunyar baƙo ya nemi ruwa a ce babu? Ayana ce, da sauran matan garin. Duk wadda ta taɓa zaman jiran mai kura a unguwar da famfo ya shekara bai kawo ba ta san wannan tsohuwar, ta san yadda muryarta ta yi lokacin da take ba baƙo haƙuri. Sannan ga mai mulkin garin ita ma mace, kuma ba ita ce ta farko ba, domin jerin sarakunan Daura da sarauniyoyi ya fara. In kina da 'ya mace, wannan ce tsarabar da za ki kai mata, ta fi alewa.

Za ki ga mutane na cika jarkoki suna tafiya da ruwan, wasu da niyyar magani. Ni dai ina ganin ki sha don ƙishirwa da tarihi, ki bar shi a nan.

Daga rijiya ku leƙa ƙofar fada. Ku gaida dogarai, ku tambaya kafin ku ɗaga waya, inda aka ce a cire takalmi a cire. Gidan sarautar Daura na Haɓe ne. Bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 sun bar garin sun zauna a Zango da Ɓaure, sai a farkon mulkin Turawa sarautar ta dawo hannunsu, abin da ba a samu ba a Kano ko Katsina. Sarkin yanzu, Alhaji Umar Faruk Umar, ya hau a 2007. Idan kuna son ganin hawan dawakai, Daura na yin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, sai dai wannan tafiyar kallo ce, cunkoso ne da ƙura, ba ta hutu ba. Wata a cikinku za ta ce a biya ta gidan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, inda aka binne shi a watan Yulin 2025. Ku tuna gidan iyali ne. Addu'a daga cikin mota ta wadatar.

Kada ku ƙara komai a kan wannan. Na san halinmu, in mun biya kuɗin mota sai mun ga ƙarshen ƙasa, a ce tunda an zo a ƙarasa Kwangwalam a ga boda, a biya Zango, a dawo ta wani wuri. Ku nemi inuwa ku sha fura. Ku zaɓi mai nonon da ƙwaryarta ke rufe da faifai mai tsabta, ku nemi kindirmo, a dama da ruwan da kuka zo da shi. Mai ciwon suga ta san iyakarta, mai hawan jini kada ta bar maganinta a Kano. Ku koma Kazaure kafin la'asar ta yi sanyi. Ragowar yinin na barci ne, da kitso, da ƙunshi in akwai mai iyawa a cikinku.

Ga wata magana a kan waya, tunda da ita kike karanta wannan. Ku ɗauki hotuna, amma a riƙe su sai an dawo gida kafin a ɗora a WhatsApp. Ba dabara ba ce duniya ta san mata biyar na kwana a wani gida a wani gari, kuma gidajensu na Kano ba iyaye mata. Kada kuma a ɗora hoton da wata ke ciki sai da izininta, domin ba ki san yadda ta yi da nata maigidan ba kafin ya bar ta. Haka matan karkara da za ku gani a hanya da kasuwa. Ba kayan kallo ba ne. Mai tallar nono da ta sha ado tana da miji da dangi kamar ke, in kina son hotonta ki tambaye ta, in ta ƙi ki sayi nononki ki wuce.

Lahadi ku karya, ku share gida, ku miƙa makulli, ku kama hanyar Ɗambatta. Kasuwar ƙauye ba ta cika sai hantsi ya ɗaga, don haka ba gaggawa. Tun daga nesa za ki san ranar kasuwa ce: motoci shaƙe da awaki, babura ɗauke da buhu uku-uku, mutane a ƙafa da kaji a rataye. Kasuwar ta yi suna ne da dabbobi, shanu da tumaki da awaki, inda fatake ke loda manyan motoci zuwa Kudu. Ku leƙa kara ku gani ko daga gefe ne, amma ku bar wa namijin da ke tare da ku shiga tsakiya, don sa ba ya tambayar ko ke baƙuwa ce. Wadda ke tunanin kiwon ragon layya ko 'yar tunkiya ta jari, nan ne wurin tambayar farashi, ta kuma sani dillali na da la'adarsa a kan kowane ciniki.

Naku ɓangaren shi ne na hatsi da kayan miya. Sabon gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, zoɓo, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, man shanu, zabi. Ga faifai da tabarmar kaba da ludayi da muciya. Dabarar ita ce ku haɗa kuɗi ku sayi buhu ku raba a gida, ya fi kowacce ta tsaya awon kwano biyu-biyu. A sa hannu har ƙasan buhu a ɗebo a gani, wake a duba ƙwari, gero a duba tsakuwa. Man shanu ki shinshina ki ɗanɗana, mai kyau ba ya ɓoye ƙamshinsa. Ku riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, don tsohuwa mai daddawa ba ta karɓar tiransifa, kuma sabis na iya ɗaukewa daidai lokacin da kike buƙatarsa. Jaka a gaba, ƙarƙashin hijabi.

Ki yi ciniki da mai buhu yadda kika iya, shi ɗan kasuwa ne, ya san kansa. Amma tsohuwar da ta tako daga ƙauye da daddawa a ƙwarya, wadda duk kayanta ba su kai kuɗin katin wayarki na mako ba, kada ki tsaya ja-in-ja da ita don ki nuna ke 'yar birni ce ba a cutarki. Ki biya yadda ta ce.

Ƙarfe biyu ta yi muku a mota. Kuna so ku shiga Kano da sauran rana, ki ga yara kafin magariba, ki duba jakar makarantar gobe. Tsarabar farko ta wadda ta riƙe miki yara ce, ko kaka ko abokiyar zama ko maƙwabciya, kuma a ba ta mai kyau, ba ragowar abin da aka raba ba. Maigida a dama masa fura da sabon gero, a zuba man shanun Ɗambatta a miyar dare. Abin da ya rage a asusu kada a raba, mai riƙo ta ci gaba da riƙewa. Hanyar Rano da Tiga na nan ta kudu, ita ma ba ta kai awa biyu daga Kano ba.